Kwali a Kife

Har yau Mai Kaset ake ce masa, ko da yake rabonsa da riƙe kaset an kwana biyu. Sunan ya manne masa ne tun yana saurayi, lokacin da ya buɗe shagon hayar finafinai a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai aski da mai gyaran takalma. Shagon ɗan mitsitsi ne, in ka ware hannuwa sai ka taɓa bango biyu, amma kantoci ne tun daga ƙasa har rufi, kowane fim da mazauninsa. Yana da wata ɗabi'a da duk layin suka sani: da zarar an karɓi kaset, sai ya juya kwalinsa ya fuskanci bango. Tun daga bakin ƙofa mutum zai hango kwalin a kife, ya san an riga shi. Wanda ya nace kuwa sai ya ji daga bakin mai shago: "An karɓa. Sai an dawo da shi."

Ya faɗi maganar nan har ta zame masa kamar gaisuwa. Matarsa ta sha rantsuwa cewa ko tsintsiya ka tambaye shi a gida, amsar da za ka samu ke nan.

Da aka bar kaset aka koma faifai, ya bi. Da aka bar faifai aka koma waya, nan ne fa mota ta tashi ta bar shi a tasha. Tsofaffin abokan cinikinsa sukan wuce su ɗaga masa hannu, idonsu na kan wayoyinsu. Ya rufe shago ya dawo gida, kuma zaman bai karɓe shi ba ko kaɗan. Ya gyara ƙofar da ba abin da ya same ta. Ya shiga kicin ya jera wa matarsa tukwane bisa girma, cokula bisa tsawo, har baiwar Allah ta kira autarsu, wadda ke aiki a kantin magani, ta ce ta taimaka ta nema wa ubanta abin yi kafin ya fara jera mutanen gidan.

"Baba, cibiyar nan ta bayan asibiti suna koyar da rubuta manhaja," in ji Auta. "Har manya suna ɗauka."

"Da furfurar nan tawa?"

"Ai ba da furfura ake dannawa ba, Baba, da yatsa ne."

Ya je ne don kada a ce ya ƙi. Da yatsa biyu yake bugawa, tabarau a kan karan hanci, ɗalibai sa'o'in 'ya'yansa suna ce masa Baba. Malamar ma ba ta girmi Auta ba. Watannin farko ya sha wuya, ya kuma sha cewa gobe ba zai koma ba, goben na yi sai a gan shi ya riga kowa zuwa.

Ranar da abin ya fara shiga kansa ita ce ranar da Malama ta yi bayanin abin da masu manhaja ke kira aji. Ta ce aji ƙirar abu ce: ka faɗi me abin yake da shi, da me yake iya yi. Akwai uwar aji, akwai 'ya'yanta, kuma duk abin da ka rubuta a jikin uwa 'ya'ya sun gada, ba sai ka maimaita ba. Sannan ta ba su aikin ƙarshe: kowa ya tsara manhajar da za ta jera bidiyoyi irin na kallo ta intanet. Wanda tasa ta yi aiki zai wuce mataki na biyu, inda ake tura mutum kamfani ya goge. Wanda tasa ta gaza sai ya sake daga farko da sababbin ɗalibai.

Mai Kaset ya san halinsa. Ba zai iya sake zama da wasu sababbin yara yana neman inda harafi ya ɓuya ba. In ya faɗi, kicin zai koma, wurin tukwane.

Amma aikin ya yi masa daɗi, don shagonsa ya gani a ciki. Ya kafa uwar aji ya sa mata suna Bidiyo, ya ba ta abin da kowane bidiyo ke da shi: suna, tsawo, shekara, harshe. A ƙarƙashinta ya fitar da Fim, mai darakta da jarumai, da Katun, da Shiri mai dogon zango. Ya so ya mai da barkwanci aji mai zaman kansa, sai ya tuna wani fim da ya yi ta yawo da shi tsakanin kantar ban dariya da ta ban tausayi bai taɓa samar masa wuri ba, don haka ya bar nau'i ya zama lakabi kawai, fim ɗaya ya ɗauki biyu in ya so. Kashi-kashin shiri ma bai mai da su 'ya'yan Shiri ba. Shirin ne ke ɗauke da su, yadda akwati ke ɗauke da kasakasai. Daga ƙarshe, ba tare da ya tsaya tunani ba, ya ƙara wa uwar wani ɗan layin rubutu da ba wanda ya nema. Ya gwada shi kaɗai a gida, komai ya tafi sumul.

Ranar gwaji Malama ta ɗora manhajarsa inda duk kwamfutocin ɗakin za su iya shiga. Ta duba tsarin, ta gyaɗa kai. Ta zaɓi wani fim ta danna, allo ya rubuta: "A sha kallo lafiya."

"Madalla. To, kowa ya danna wannan fim ɗin."

Kowa ya danna. Can wata ɗaliba da ke kusa da taga ta karanta abin da ya fito mata da ƙarfi: "An karɓa. Sai an dawo da shi."

Malama ta buɗe wani katun, suka bi ta, amsa ɗaya. Ta buɗe shiri, haka nan. Ta juyo tana danne murmushi.

"Baba, wa ya karɓa?"

"Ke mana, Malama. Ai ba ki dawo da shi ba."

Dariya ta ɓarke, har da masu dukan tebur. Sai da maganar ta fita sannan ya ji ta da kunnensa, kunya ta rufe shi. Ba wai bai sani ba ne. Wa ya fi shi sanin cewa yanzu gari guda kan kalli fim ɗaya a lokaci ɗaya? Abin da ya rufe masa shago ke nan. Kansa ya sani sarai, hannunsa ne ya je ya kifa kwali.

Malama ta ɗaga hannu aka yi shiru. "Baba, matsalar nan tana cikin Fim, tana cikin Katun, tana cikin Shiri. Wuri nawa za ka bi ka gyara? In ka gyara kafin mu tashi, ka wuce."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, yana lissafa ajujuwan a zuci, sai ya tsaya cak.

"Wuri ɗaya ne, Malama. A wajen uwarsu suka gada."

Ya ja kujera ya hau can saman rubutun, ya sami layin. "A kife," haka ya sa masa suna, da sharaɗin da ke ƙarƙashinsa. Yatsansa ya tsaya a kan madanni. Kantocin an sayar, allon shagon an sauke, ɗan layin nan shi ne abin da ya rage masa na wancan zamani, kuma gaskiya ya ji zafin rabuwa da shi. Ya ja numfashi ya goge.

Aka sake dannawa. Ya miƙe tsaye yana bin allunan da kallo, daga na bakin ƙofa har na jikin taga, kowanne na cewa a sha kallo lafiya. Ya tuna mutanen da suka sha juyawa daga ƙofar shagonsa hannu wofi, mai riƙe da hannun yaro, mai tahowa daga nesa cikin rana. A ɗakin nan ba wanda ya juya.

Malama ta ce ya shirya, mako mai zuwa za a fara mataki na biyu. Ana tattara jakunkuna, ɗalibar nan ta jikin taga ta leƙo da tsokana.

"Baba, don Allah fim ɗin nan yana nan kuwa?"

Tsohuwar amsar ta zo masa har kan harshe. Ya haɗiye ta, ya yi dariya.

"Yana nan, 'yata. Ɗauki, ya ishi kowa."