Kwabon da Ba a Huda Ba

Kakana na wajen uwa kwandastan bas ne, tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka ƙi hawa mota. Shi ya sa duk unguwa ake ce masa Canji. Babban yatsansa na dama ya yi kanta, amma da shi yake gane kuɗi ba sai ya duba ba. Ya ba ni labari cewa wata rana fasinja ya miƙo masa kwabo, irin na dā mai huji a tsakiya. Yatsa ya nemi hujin, bai samu ba. Injin gidan buga kuɗi ne ya tsallake shi, ya fito a toshe, sumul. Kaka ya zaro nasa daga aljihu ya maye gurbinsa, ya riƙe wancan. Daga ranar abin ya shiga ransa.

Da aka daina karɓar waɗannan kuɗi, mutane suka watsar, shi kuwa ya bi yana tsinta har ya cika gwangwanin madara. Ni ya koya wa dubawa, don ni kaɗai nake zama in saurare shi.

"Uwargida, matso da idonki," zai ce, ya miƙo mini gilashin masu gyaran agogo. "Kin ga shekarar nan kamar tana da inuwa? Sau biyu aka buga shi. Wannan kuma hatimin ne ya zame gefe. Wancan jefar da shi, mota ce ta taka shi."

A wurinsa na koyi cewa kuskuren da aka yi a gidan buga kuɗi shi ke da daraja, ɓarnar da aka yi a titi kuwa banza ce. Kwabon da ba a huda ba yana ƙasan gwangwanin, a naɗe cikin tsumma.

Kawu, ɗansa na fari, kafinta ne. Shi ke ciyar da gidan, kuma ba ya bari a manta. Ɗakin Kaka yana kallon titi, wani tela ya daɗe yana son haya. Kawu yana so ya mai da tsohon ɗakin ajiya na baya, kusa da banɗaki, wanda ko taga ba shi da ita.

"Baba, ɗakin nan ya fi ƙarfin mai gadin gwangwani," in ji shi.

Matarsa kuwa in ta kawo abinci sai ta dangwarar ta ce, "Attajiri, ga shi. In an sayar a tuna da mu."

Kaka ya yi ta cigiya har ya samu wani dillalin tsofaffin kuɗi da ya yarda zai zo gida ya duba. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To, na ji. In ya ce abin kirki ne, ɗaki naka ne har ka mutu. In ya ce tarkace ne, ka naɗe tabarmarka."

Ana cikin jiran dillali damina ta sauka, rufin ɗakin ya fara yoyo. Ranar da na raka Kaka asibiti saboda gwiwa, Kawu ya hau gyara. 'Yar robar da ake sa wa ƙusa don kada ruwa ya bi ta ta ƙare masa, sai ya tuna dabarar tsofaffin kafintoci: kwabo mai huji yana yin aikin, har ya fi. Da muka dawo, gwangwani na kife a ƙasa, tsumma a warware.

Kaka ya tsaya a gindin tsani, ya ɗaga kai. "Ina na cikin tsumma?"

"Au, mai taurin kan nan?" Kawu ya leƙo daga sama, guduma a hannu. "Sai da na sa ƙarfi. Na ƙarasa wa masu buga kuɗi aikinsu, Baba. Yanzu ya zama kamar 'yan'uwansa."

Matarsa ta tuntsire da dariya. Kaka ya zauna a ƙasa, a cikin laka.

Da dillali ya zo, Kawu da kansa ya hau ya zare ƙusar, don a gama magana. Mutumin ya daɗe yana juya kwabon a ƙarƙashin gilashi, ya auna shi, ya sake juyawa.

"Wa ya yi wannan?"

Kowa ya juya ya kalli Kawu, dillalin ya ɗaga kwabon.

"Dubi bakin hujin, ya lanƙwashe ciki. Ƙusa ce, ba inji ba. Tsoho ya yi gaskiya. Ni kaina a hoto kawai na taɓa ganin irinsa. Da yana yadda ya fito, da ba maganar ɗaki kuke yi ba, maganar gida kuke yi."

Kawu ya matso kusa. "Yanzu fa?"

"Yanzu? Mayar da shi inda ka ciro, kada ruwa ya shigo muku."

Na zaci Kawu zai ji kunya. Sai ya juya kan mahaifinsa, ido jajur.

"Ka san haka yake, ka ajiye shi a gwangwanin madara? Kai wane irin tsoho ne? Ka cuce mu, Baba! Ka cuci jikokinka!"

Matarsa ta ɗora hannu a ka, ta fita tana faɗa wa maƙwabta cewa tsohon ya yi musu asarar gida. Inna, mahaifiyata, ta buɗe baki za ta yi magana, Kawu ya tambaye ta ko ita za ta riƙa sayen hatsi. Ta rufe.

"Mutumin ya ce ba shi da daraja, kowa ya ji," in ji Kawu. "Sharaɗi sharaɗi ne."

Ni na ɗauki tabarmar da gwangwanin zuwa ɗakin baya. Kawu ya mai da kwabon kan rufi da ƙusarsa, tela ya shigo da kekensa.

Kaka bai ƙara buɗe gwangwanin ba. Da hantsi yakan ja jiki ya tsallaka titi, ya zauna a kan dakalin mai shago, yana kallon rufin tsohon ɗakinsa, babban yatsansa na murza ɗan manuni. Yara su wuce su ce, "Canji, akwai canji?" Bai kai wata daminar ba.

Gwangwanin yana hannuna, da tsumman. Kwabon yana can sama. Tela ya ce ɗakin ba ya yoyo ko kaɗan.