Malam Mainasara, Mai Riƙe wa Farfesa Gida da Wasiƙu

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu, nan bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda, mutum ɗaya ne ba ya tsayawa gaisuwar bakin ƙofa. Kafin ka lalubo takalminka, Malam Mainasara ya sha kwana. Ƙarfe bakwai yana cikin ɗan ɗakin da ke jikin zauren gidan Farfesa Bilyaminu Sakajiki, ya share tebur, ya raba takardu gida uku: na manoma, na jami'a, na iyali. Ƙarfe tara yana banki ko gidan waya. Kafin azahar ya leƙa cikin gida ya ji abin da ya ƙare a madafa. Bayan la'asar kuwa sai dai ka tambayi masu lodi a tasha, su za su gaya maka ko motar Zurmi ya shiga ko ta Shinkafi. Shekara talatin da ɗaya yana haka. Ban taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba.

Farfesa Bilyaminu ba ya buƙatar in gabatar da shi. Masanin irin gero ne, ana jin muryarsa a rediyo, ana kiransa taro a ƙasashen da ni ko sunansu ban iya faɗa daidai ba. Amma wanda ke buɗe masa wasiƙa, ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa, ya san ranar da maganin mahaifiyarsa zai ƙare, babu wanda ya taɓa ambatonsa a ko'ina. Malam Mainasara ke nan, kuma a watan jiya ya ajiye aiki. Ni Safwan, tsohon malamin gona, na yi shekara goma sha tara ina bin ƙauyuka tare da shi, kuma tun ranar da ya miƙa makullin ɗakin nan na kasa samun sukuni. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ajinsu ɗaya da Farfesa a firamare. Ɗaya ya wuce gaba har inda karatu ya ƙare, ɗaya ya tsaya a aji bakwai saboda rasuwar mahaifi, ya koyi buga tafireta a bakin kotu yana rubuta wa mutane takardun koke. Da Farfesa ya fara raba wa manoma iri don gwaji, sai wasiƙu suka yi ta zuwa, yawanci da ajami, wasu a bayan takardar siminti. Wannan ya ce ƙuduji ya cinye masa gona, wancan ya ce zangarniya ta yi tsawo amma ba ƙwaya. Farfesa yana can jami'a, tafiyar yini guda. Sai ya zo ya sami abokinsa ya ce, “Akawu, ka riƙe mini na wata shida kafin in samu mutum.” Har yau ba a samu mutumin ba.

Kowace wasiƙa Mainasara ya juya ta zuwa boko, ya sa kwanan wata da sunan ƙauye, ya aika wa Farfesa, ya kuma mayar wa manomi amsa a harshen da zai gane. Da waya ta zo, aikin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Manomi zai kira yana tsakiyar gona, shi kuma ya tsaya a gefen titi ya ɗora takarda a kan cinya yana rubutawa.

Hajiya Mubaraka, uwargidan Farfesa, ta ce da ni in rubuta wannan da sunanta. “Maigidan nan,” in ji ta, “in ka ba shi kuɗin ragon layya, sai ya dawo da wata na'ura ta auna laimar ƙasa, yana ta murna. Malam Mainasara ne ya san albashi ya shigo, ya fitar da na abinci, na makaranta, na Inna surukata, ya ajiye saura. Wata shekara Farfesa ya dawo daga tafiya ya tarar da 'yarmu Nusaiba a tsakar gida, ya hau faɗa wai me ya hana ta komawa makaranta. Yarinyar da ta gama tun wata biyu! Malam ne ya halarci bikin sallamar, shi ya karɓo mata takardarta.”

Kuɗin bincike kuwa, wanda masu ba da tallafi ke turowa, asusunsa daban, kuma a nan ne aka sha yin baram-baram da shi. Ina zaune ranar da Jabiru, ƙanin Farfesa, ya shigo a fusace. Motarsa ta haya ta lalace, yana son a ba shi daga can, ya mayar bayan kaka.

“Malam, kuɗin yayana ne hwa. Kai mi naka ciki?”

“Ba kuɗin yayanka ba ne, Jabiru. Na gero ne.”

“To gero shi ka ci da kai ko mu?”

Mainasara ya rufe littafin asusun. Ya tashi ya fita, mun ɗauka fushi ya yi. Ashe bakanike ya tafi nema. Ya sa aka duba injin, aka gane ba sai an sake shi ba, ya kuma tsaya wa Jabiru a wurin mai kayan gyara da bakinsa. Mota ta tashi, asusun gero bai motsa ba. Jabiru ya yi wata uku ba ya gaishe shi. Yau Jabirun ne ke kai Malam asibiti.

Kai ne, Malam, wanda aka zaga saboda amanar da ba taka ba, ka shanye, ka kuma yi wa mai zagin hidima. Ginshiƙin da ke cikin bango, ba a ganinka sai ɗaki ya tsage.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a kakar shekarar da aka katse layukan waya a jihar nan saboda matsalar tsaro. Farfesa ya yi shekara goma sha ɗaya yana gwajin wani gero mai saurin nuna, wanda manoma suka laƙaba wa suna Rigafari. Amfaninsa ba kauce wa fari kaɗai ba ne. A inda zuwa gona ya zama sayar da rai, geron da za ka girbe da wuri ya rage maka kwanakin fargaba. Sakamakon wannan kakar shi ne na ƙarshe da kwamitin tantance iri ke jira, daga gonaki arba'in da biyu, kuma an sa rana. Farfesa yana ƙasar waje. Babu waya, babu saƙo. Ga Inna Larai, mahaifiyarsa, kwance ba ta ko iya juyawa.

Mainasara ya ce mu bi gonakin ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa hanyar Zurmi ba ta biyuwa. Ya ce, “Mutane ba su bin ta?” Na ce suna bi, dole ce ta sa. Ya ce, “To mu ma dolen ce.”

Kwana goma sha shida muka yi muna fita da hantsi, mu dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Wani ƙauyen mu tarar da rumbuna a buɗe, babu kowa sai kaji. Sai mu juyo, mu bi mutanen zuwa makarantar firamaren da suka fake, ya durƙusa a gaban dattijo yana tambaya dami nawa, tiya nawa aka samu a dami, wace rana aka yanka. A Ɗan Isa direba ya ƙi wucewa, muka taka da ƙafa. Ko mun dawo gida ba ya zama. Ya shiga wurin Inna, ya ba ta magani, ya fito ya hau tattara lissafin yini yana tsaye.

Muka samu arba'in da ɗaya. Saura gonar Dogo ta Kurya Madaro, wadda ta fi kowace kyau, wadda Farfesa ke alfahari da ita. An ɗauke Dogo a bakin gonar kwana huɗu kafin girbi, geron ya zube a ƙasa, tsuntsaye suka gama da shi. Zan faɗi laifina da bakina. Ni ne na ce, “Malam, ni da kai mun ga gonar nan da idonmu a watan jiya. Ba ta kasa dami sittin. Ka sa sittin mu wuce, wa zai sani?”

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. “Malam Safwan, mun auna?”

“Ba mu auna ba, amma...”

“Abin da ba mu auna ba, ban rubuta shi. In sunka tambayi Farfesa, da wane baki za shi amsa? In Allah ya maido Dogo, mi za ni ce mai?”

A gurbin ya rubuta: ba a girbe ba, an ɗauke manomin. Na ji kunyar da har yau ba ta sake ni ba.

Saura kwana huɗu wa'adi ya cika, Inna Larai ta cika da safe, hannunta cikin na Hajiya Mubaraka. Mainasara ne ya tsaya a kan komai, daga likkafani har makabarta, a madadin ɗan da bai ma san abin da ake ciki ba. Ana dawowa daga binnewa ya ɗauki jakarsa. Muka shiga mota, muka yi ta tafiya har muka tsallaka iyakar jiha, inda jama'a ke cincirindo a gefen hanya kowa ya ɗaga waya sama yana neman layi. Ya samu. Ina tsaye kusa da shi.

“Ranka shi daɗe, Mainasara ne. Kana zaune?... To ka zauna. Inna ta riga mu gidan gaskiya yau da sahe. Mun rufe ta. Ba ta wahala ba a ƙarshe, kuma ta ce ta yahe maka nisan.”

Ya saurari Farfesa har ya gama. Sannan ya yi addu'a ya kashe wayar. Takardun gero suna cikin jaka, bai ko taɓa su ba. Na ce, “Malam, lissafin fa? Kwana huɗu ya rage!” Ya ce, “Yau ɗan Inna ne. Gobe shi koma Farfesa.”

Muka kwana a garin. Washegari tun da hantsi yana kai-kawo a gefen titi, ya ciro waya ya mayar, ya sake cirowa. Sai da Farfesa ya kira da kansa. Nan ya tsaya cikin rana ya karanta masa gonaki arba'in da biyu, layi bayan layi, har da ta Dogo yadda ya rubuta ta. An amince da irin a shekarar da ta biyo. Farfesa ya gaya mini cewa wani daga cikin masu tantancewar ya ce wannan gurbi guda da aka bari a buɗe shi ya sa ya yarda da sauran. Dogo ya dawo bayan wata uku, ya rame, amma da ransa. Buhun farko na sabon irin, Mainasara ya kai masa da kansa.

Kai ne ka san lokacin da ya kamata a yi sauri, ka kuma san ranar da takarda za ta jira hawaye. Ba a koyar da wannan a jami'a.

Yanar ido ce ta tsayar da shi. Ya yi kusan shekara yana ɓoyewa, matarsa A'isha tana karanta masa wasiƙu a gida, shi yana haddacewa ya zo ofis ya yi kamar ya karanta. Ranar da ya rubuta bakwai a wurin ɗaya a takardar banki, aka dawo masa da ita, a ranar ya kira Farfesa ya ce a nemi wani. Farfesa ya roƙe shi, ya ce kuskure ɗaya ne a shekara talatin da ɗaya. Mainasara ya ce na biyun ba a san a kan wa zai faɗa ba.

Yanzu yana gida yana jiran ranar aikin ido. Nusaiba ta karɓi takardun na ɗan lokaci, tana ƙoƙari, amma tana da nata aikin. Ni kuwa abin da ke hana ni zama shi ne: mutane nawa ne irinsa a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, masu riƙe wa manya gida da suna, waɗanda za su tsufa ba a ko ce musu sannu ba? Kuma su wa ke koyon aikinsu?

Malam Mainasara, mun gode. Manoman da ba ka taɓa barin wasiƙarsu ba amsa sun gode. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa abin da ka shuka ka tarar da shi a ma'auni, ya jiƙan Inna.

Ku kuma matasanmu da aka damƙa wa makullin wani, ko littafinsa, ko sirrin gidansa, ga wanda za ku kalla. Yana nan da ransa, layi na biyu bayan masallaci, gida mai darbejiya a ƙofa. Kada ku jira ranar da za a taru ana cewa mutumin kirki ne. Ku je yau. Kada ku kai masa takardar yabo, ba zai iya karantawa ba. Ku yi sallama da ƙarfi, ku faɗi sunanku da na mahaifinku. Zai gaya muku ƙauyenku.