Mai Bula da Birin da Ke Lalube Aljihu

Shekararsa sittin da biyu, kuma fiye da rabinsu a bakin baho ya yi su. Shi ne mai wanki da guga na wani ƙaramin otal a ƙarshen gari, inda gidaje suka ƙare duwatsu suka fara. Kowa Mai Bula yake ce masa, saboda farcensa ba ya rabuwa da shuɗi.

Wurin aikinsa bayan kicin ne: famfo ɗaya, bahunan roba, teburin guga da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, sai igiyoyin shanya har jikin katanga. Bayan katangar akwai wata babbar bishiya, a kanta birai ke wuni.

Ya san halinsu sarai. Ya taɓa ganin wata ta ɗauki sabulu ta gatsa, ta koma tana goge harshe a jikin bulo. Wani kuma ya hango fuskarsa a gindin dutsen guga, ya dinga zura hannu ta baya yana neman ɗan'uwansa. Babbansu, mai guntuwar wutsiya, shi ake kira Sufeto. Sufeto ba ya taɓa zanen gado ko tawul. Aljihu yake bi ɗaya bayan ɗaya, don ya gano baƙi kan mance da alewa a ciki. In hannunsa bai shiga ba, sai ya cire wandon gaba ɗaya ya hau bishiya da shi. Shi ya sa Mai Bula ke zazzago kowane aljihu waje kafin ya shanya. Sufeto na ganin aljihu a waje, ko tsayawa ba ya yi.

Bara zazzaɓi ya kwantar da Mai Bula, matarsa ta je ta riƙe masa aikin. Ta fi shi iya wanki, shi ma bai musa ba, amma ba ta san zancen aljihu ba. Sufeto ya ɗauke kwat ɗin wani baƙo da zai tafi da yamma. Ta ruga kicin ta karɓo ayaba wurin kuku ta ɗaga wa Sufeto. Ya sako kwat, ya karɓi ayaba. Ta dawo gida da labarin tana jin daɗi.

"Malam, ka ga yadda ake yi? Ayaba ɗaya ya sako. Kai shekara da shekaru kana ta yi musu ihu."

Ya tashi zaune. "Ayaba kika ba shi? A gaban sauran?"

"To, ɗaki zan kira shi?"

"Uwar yara, kin buɗe musu kasuwa."

Haka kuwa aka yi. Ko da ya koma aiki, birai sun daina damuwa da aljihu. Kowa ya ɗauki abin da ya samu, safa ko rigar filo, ya zauna bisa katanga yana jiran a biya shi. In ayaba ta yi jinkiri, sai a fara yagawa. Da aka yaga rigar wata baƙuwa, manaja ya zo har bakin famfo.

"Baba, ina ganin girmanka," in ji shi, "amma in aka ƙara, cikin gari zan riƙa kai wankin, wurin masu inji."

Mai Bula bai iya wata sana'a ba, kuma ya san a shekarunsa ba mai ɗaukarsa sabon aiki. Ya rataye macijin roba a igiya, washegari ya tarar 'ya'yan birai na ja-in-ja da shi. Ya gwada shanya a cikin sito, kaya suka yi warin danshi.

Abin da ya taimake shi, ya lura ba birin da ke saukowa sai Sufeto ya gama nasa. Sai ya kawo wani tsohon kwat ɗinsa ya ɗaure tam a can kusurwa, nesa da igiyoyi, ya zuba gyaɗa a aljihunan. Sufeto ya koma tsohuwar sana'arsa, sauran suka jeru a katanga suna kallo. Matsalar, yana saurin gamawa. Matar Mai Bula ta ɗinka wa aljihunan maɓallai. Cikin 'yan kwanaki ya koyi ɓallewa, a hankali kuma, ba ya tsinkawa. Ta ƙara aljihu a baya, ta ƙara a hannu, ta yi wani cikin wani. Kafin ya bi su duka, rana ta busar da kaya an kwashe.

"Ni ko 'ya'yana ban yi wa ɗinki haka ba," in ji ta. "Ga shi ko sannu ba ya cewa."

Tun daga lokacin ba a sake yaga komai ba. Manaja bai ƙara tayar da zancen inji ba, har labulayen ɗakuna ya haɗa masa. Sai dai a 'yan kwanakin nan Sufeto ya ƙara sauri, matar kuma ta ce ita ta gaji. Jiya da safe Mai Bula ya biya wurin tela ya sayi zif, ya zauna a kan kifaffen baho, ya ɗinka shi da kansa a babban aljihun.