Ranar da Baba Eriya Ya Hau Tanki

Duk wanda ya yi karatu a sashen lantarki na jami'ar nan cikin shekara talatin da suka wuce ya san Baba Eriya, ko da bai san sunansa na yanka ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Ɗakinsa na ƙarshen baranda, jikin ɗakin gwaje-gwaje. Ba komai a ciki sai dogon tebur, da gwangwanayen madara cike da notuna, kowanne da rubutu a jikinsa, da fanka mai fiffike biyu wadda shi kaɗai ya san yadda ake lallaɓa ta ta juya.

Yana ɗan shekara ashirin ya zo, yana riƙe wa masu jan wayar tarho tsani. Takardar sakandare kaɗai gare shi. Masu tarho suka gama suka tafi, shi ya maƙale. Ya koyi gyaran rediyo, ya koyi na talabijin, da kwamfuta ta shigo ya buɗe cikinta ya leƙa. Malamai su koyar a allo, shi ya koyar a tebur. Ɗalibi zai zo da lissafi shafi uku yana neman dalilin da na'urarsa ta ƙi aiki, Baba ya kai ta hanci ya shinshina, ya ce, "Ɗana, wannan ai tun jiya ta rasu. Ka yi mata addu'a ka ɗauko wata."

Ana nan sai shirin haɗin gwiwa ya zo. Jami'o'i huɗu ne na ƙasashen waje suka haɗa kai da tamu, za a koyar da fasahar sadarwa marar waya, a kuma gyara tsarin karatun baki ɗaya. Aka sauke kwalaye, aka yi taro, aka sha lemo. Da yake jami'ar tana bayan gari kuma intanet ɗinta kamar numfashin majinyaci, sai baƙin suka kawo eriya mai kama da faranti. Za a kafa ta a kan tankin ruwan jami'a, ta kalli 'yar'uwarta da ke kan wani dogon bene a cikin gari, tafiyar kilomita goma sha huɗu. Kwana biyu baƙin suna fama da na'urorinsu, farantan biyu sun ƙi ganin juna. A rana ta uku Baba ya ari madubin maiɗakinsa, ya ba direban sashe ya hau benen nan da tsakar rana ya riƙa haska shi. Shi kuma Baba ya hau tanki, ya hango ɗan walƙiyar, ya juya farantin, ya ɗaure. Sabis ya zo. Baƙin suka yi ta tafi, suka ɗauki hoto da shi, hoton ma shi aka sa a bangon littafin shirin.

Gyaran tsarin karatun kuwa ya zo da wuƙa a hannu ɗaya, magani a ɗaya. Shugaban Sashe ne ya kira shi ofis ya karanta masa. Nan da shekara uku, wanda ba shi da digiri ba zai sake aiki da ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje ba. Amma tsofaffin ma'aikata irinsa an ba su dama su shiga sabon kwas ɗin, a lissafa musu shekarun aikinsu a matsayin wani ɓangare na karatun.

"Ranka ya daɗe, in ban shiga ba fa?"

"Sai a mayar da kai wani wurin, Baba. Ba ni na rubuta ba."

A gida maiɗakinsa ta ajiye tsintsiya ta dube shi. "Malam, da furfurarka za ka koma aji? Sai in ɗinka maka gajeren wando."

Autarsu, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare, ta ce, "Baba, in an ce a zo da mahaifi ni zan je."

Ya yi dariya tare da su, amma washegari ya sayo tabarau da littafin rubutu. Kullum bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a gindin katanga, Auta tana karanta masa Turancin da ya fi ƙarfinsa, tana kuma koya masa buga rubutu a kwamfuta. Da yatsa ɗaya yake bugawa, kamar kaza na tsattsagar hatsi.

Su ashirin da huɗu ne a ajin, shi ne na ashirin da huɗun. Sauran duk ya isa ya haife su, kuma shi ya koya musu riƙon ƙarfen dalma. Wasu darussan daga can waje ake koyar da su, malama ta bayyana a babban allo tana magana. Da sabis ya ɗan girgiza sai hotonta ya daskare baki buɗe, don haka ɗalibai suka sa mata Farfesa Tsaya-cak. Mace ce mai kirki. In ta yi tambaya aji ya yi shiru takan ce, "Bari mu ji daga bakin mutumin da ke bangon littafi." Shekara uku Baba yana jan jiki. Lissafi ya wahalar da shi, sau biyu yana tsallakewa da ƙyar, amma bai faɗi ko ɗaya ba. Ya rage saura jarrabawa guda.

Wannan ta ƙarshen ba a hannun jami'armu take ba. Daga can waje ake buɗe ta, a kwamfuta ake yin ta, awa uku cif. Kowace kwamfuta tana da 'yar kyamara da ke kallon mai rubutu, kuma duk wanda kyamarar ta rasa a kujerarsa fiye da minti goma, na'ura za ta rufe masa jarrabawar da kanta. Takardar ƙa'idoji ta faɗi ƙarara cewa babu maimaici, domin shirin zai ƙare a ƙarshen watan. Baba ya san duk wannan. Ya kuma san cewa ƙarfen da ke riƙe da farantin a kan tanki ya yi tsatsa, don sau uku yana rubutawa a canza shi.

Ranar ta zo da hadari. Ya zauna a kujerarsa ta ƙarshe kusa da ƙofa, ya goge tabarau, ya karanta tambayoyin duka. Da ya zo ta huɗu sai ya yi murmushi. Ana tambayar abin da ke raunana saƙo tsakanin eriya biyu a lokacin ruwan sama. Ya bar ta sai ƙarshe, yadda yaro ke ajiye tsokar nama.

An yi minti arba'in sai iska ta taso. Tagogi suka buga. Kowace kwamfuta ta nuna ɗan da'irar nan mai juyawa, rubutu ya tsaya. Agogon da ke kusurwar allo kuwa bai tsaya ba, yana ta cin lokaci.

Shugaban Sashe, wanda ke sa ido a jarrabawar, ya kira lambar waje. Na'urar ajiye saƙo ta amsa. Ya sake kira, ita ce dai. Monitar ajin, mai cikin wata takwas, ta dafe tebur da hannu biyu tana salati ƙasa-ƙasa. Daga nan kai ɗaya ya juya, sai na biyu, har duka ashirin da ukun suka juyo suna kallon kujerar ƙarshe. Da wani ya buɗe baki ya roƙe shi, wataƙila da Baba ya sami abin da zai ce. Shugaban Sashe ya ce, "Baba…" bai ƙarasa ba.

Baba ya yi lissafi a ransa. Tunda ba sabis, kyamara makauniya ce. Noti ne ya kwance, ba wani abu ba. Hawa minti uku, ɗaurewa minti biyu, saukowa uku. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya biya ɗakinsa ya ɗauki sifana da igiyar ɗaure ƙugu.

A sama ya tarar ba noti ba ne. Ƙarfen ya karye gida biyu, farantin ya sunkuyar da kai yana kallon filin ƙwallo. Ya ɗaure ƙugunsa a jikin tanki, ya rungumo farantin, ya juya shi a hankali zuwa inda ya san benen yake, ko da yake hadari ya rufe shi. Wayarsa ta yi ƙara a aljihun ƙirji. Ya danna da haɓa, sai ga muryar Shugaban Sashe.

"Ya dawo! Baba, ya dawo! Kada ka motsa!"

Ya zaro guntuwar wayar lantarki daga wani aljihun ya naɗe karyayyen ƙarfen, ya saki hannu a hankali. Iska ta ture farantin.

"Ya tafi! Baba, me ka taɓa?"

Ya sake rungumowa. Ya gwada da igiya, ya gwada tokarewa da sifana. Da ya saki, sai ya tafi. A karo na huɗu ne abin ya faɗo masa, yana tsaye kafaɗarsa a jikin farantin. Sabis ya dawo, ashe idon kyamara ma ya buɗe. Kuma abin da take kallo yanzu kujera ce da tabarau a kan tebur.

Ya dubi tsanin. Ya dubi rufin ɗakin jarrabawa can ƙasa, ƙarami kamar akwatin ashana. In ya sauka, babu jarrabawar da zai tarar, ba tasa ba, ba ta kowa ba. Ya ce wa Shugaban Sashe a turo wanda zai karɓe shi. Aka turo maigadi, ya hau matakala goma, iska ta kaɗa rigarsa, ya sauka yana rantsuwa yana da iyali. Ruwa ya tsuge. Baba ya gyara tsayuwa, ya sa goshi a jikin ƙarfe mai sanyi. Awa biyu da 'yan mintuna yana nan. Don kada ya ji hannuwansa, sai ya riƙa amsa tambaya ta huɗu a zuci, tun daga farko har ƙarshe, ya sake komawa.

Da ya shigo yana ɗigar ruwa, kowa ya gama. Kwamfutarsa ta rubuta da Turanci cewa ɗalibi ya bar wurinsa, an rufe. Wani dogon yaro mai yawan barkwanci ya ce, "Baba, yau kai ne eriyar da kanka," ya ga ba wanda ya yi dariya, ya sunkuyar da kai. Shugaban Sashe ya riƙe hannunsa ya ce, "Wannan ai ba magana ba ce. Yau zan rubuta musu."

Ya rubuta kuwa. Farfesa Tsaya-cak ta amsa bayan mako biyu. Ta ce abin ya taɓa zuciyarta ƙwarai, amma aikinta da shirin ya ƙare, ta koma wata jami'a, ta dai tura saƙon ofishin shirin. Ofishin shirin ya amsa cikin daƙiƙa ɗaya, amsar na'ura: an kammala shirin cikin nasara, ana godiya ga duk abokan haɗin gwiwa. Baba ya je wurin magatakarda. Magatakarda ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwa, ya ce, "Baba, wallahi na san abin da ka yi. Amma darasin nan ba namu ba ne, ba shi da lamba a littafinmu. Ta yaya zan shirya jarrabawar abin da ba ni da shi?" Aka ce majalisar jami'a za ta duba. Zama uku ana ɗage maganar saboda lokaci ya ƙure. Monita, da jaririnta a baya, ta bi 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya suka sa hannu a takardar koke, su ashirin da uku. Da aka gama sai aka rasa wanda za a kai wa koken, balle a rubuta sunansa a samanta.

Maiɗakinsa ba ta yi wasa ba a wannan karon. "Su ashirin da uku, duk ba mai ƙafa sai kai?"

"Ba su iya ba."

"To kai da ka iya, ga shi nan ai."

Auta ta tashi ta shige ɗaki.

Takardar canjin wurin aiki ta zo bayan bikin yaye ɗalibai da wata ɗaya. An mayar da shi rumbun ajiye karyayyun kujeru da tebura, can bayan gareji. Wadda aka ɗauka a gurbinsa Monita ce, don ita ta fi kowa maki.

Ranar miƙa ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga.

"Shigo mana, Injiniya. Ɗakinki ne."

"Baba, don Allah kada ka kira ni haka."

"To me zan kira ki? Zo ki gani. Wannan soket ɗin yana ja, kada ki taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Mitar nan tana ƙarya da kaɗan, ki riƙa ragewa. Yaran aji ɗaya kuwa ki ƙirga ƙarafan dalma kafin su fita, ba sata suke ba, mantuwa ce."

"Baba, mun juyo mun kalle ka. Ni ce ma na fara."

"Kin ga, riƙe makullin. Na ƙasan sai kin ɗan ɗaga ƙofar."

"Me za mu yi yanzu? Ka faɗa mana, ko mene ne."

Ya dubi ƙasa, da gaske yana neman abin da zai ce su yi. Bai samu ba. Ya ce ta gaida maigidanta, ta shafa masa kan yaro.

Ya bi ta bayan gareji da 'yar jakarsa. Rumbun a kulle yake da ƙaton kwaɗo. Wani makanike da ke kwance a ƙarƙashin motar jami'a ya leƙo ya ce mai makullin ya tafi hutu, ba a san ranar dawowarsa ba. Baba ya duba, ya ga wani benci mai ƙafa uku a jingine da bango. Ya jawo bulo ya tokare shi, ya zauna.