Ladabin da Ya Kusa Dawo da Yayata Gida

A'a, don Allah ku dakata, kun ishe ni. Tun jiya nake karanta abin da kuke rubutawa a ƙarƙashin hoton matar nan da kamfaninsu ya tura aiki ƙasar waje. Wannan ya ce sanyi zai kashe ta, wancan ya ce yare, wata ta ce abinci. Duk mai faɗin haka ba shi da kowa a waje, ko kuma nasa ba ya gaya masa gaskiya. Sanyi, ka sayi riga. Abinci, in yunwa ta kama ka za ka ci har ka nemi ƙari. Abin da ya kusa dawo da Yayata gida da akwatinta a ka, ladabi ne. Eh, ladabi, wannan da aka ɗura mana tun ba mu san hannun dama ba.

Yayata haƙoran roba take haɗawa. Ku yi dariyarku ku gama, wata rana za ku neme ta. Likita ya ɗauki awon bakin mutum ya aiko, ita kuma ta jera haƙora a kan kaki, irin na kyandir, ɗaya bayan ɗaya, ta gasa, ta goge, ta daidaita kalar dasashi, har mutum ya saka ya manta ba nasa ba ne. In tana magana da kai ba idonka take kallo ba, bakinka take wa ƙuri. Mijinta kullum cewa yake, "Ni fa ba don kyauna aka aure ni ba, turamena aka gani lafiya lau."

Kakarmu ce sila. An yi mata haƙora suka zo sun fi ƙarfin bakinta, in ta yi murmushi yara su watse. Ta cire ta jefa a gwangwani ta ce gara ta mutu tana shan kunu. Yaya, lokacin tana budurwa, ta ɗauke su ta zauna a bayan ɗaki da abin goge farce, kwana da kwanaki, har suka zauna wa tsohuwa daram. Daga nan ta je wurin wanda ya yi su ta ce koyo take so. Shi ne Oganta na farko, kuma a wurinsa ta haddace doka ɗaya: ba a ɗaukar jaka Oga yana zaune. Ko ka gama, ko kanka na ciwo, ko ana jiranka a gida, sai ya miƙe ka miƙe. Bai ma sha wahalar koya mata ba, don Babanmu ya riga shi. Mu a gidanmu babba yana zaune ba ka tashi sai ya ce ka tashi.

Da kamfanin da ta koma ya ce zai tura mutum ɗaya wani babban ɗakin haɗa haƙora a waje na shekara guda, ita aka zaɓa. Amma da sharaɗi. Akwai watannin gwaji. In shugabar can ta ce ta iya, za a ba mijinta da 'yarta damar biyo ta. In ta ce a'a, ta dawo, a tura wani. 'Yar tata, Tsigi muke ce mata don ƙanƙanta da surutu, a filin jirgi sai da aka ɓamɓare ta daga mayafin uwar. Yaya ta durƙusa ta ce mata, "Kwana kaɗan, zan aiko a kawo min ke." Ku riƙe wannan alkawarin, shi ne komai.

Satin farko dariya muka sha. Kullum ta kira ni a bidiyo da sabon rahoto. Ɗakinta ƙarami ne, gado da tebur da wani ƙarfe a jikin bango mai ɗumi, wanda ta mayar wurin shanya safa. Ta bi bas da gudu tana ɗaga hannu tana "don Allah, don Allah," direban ya kalle ta ta madubi ya ɗaga mata hannu shi ma, ya wuce. Ta tsaya a kanti tana jira mai kaya ya rage mata, shi kuma yana jira ta matsa. Duk wannan ta shanye. Kafin wata ya ƙare ta san bas ɗinta, ta san kantin da ya fi arha, har ta fara gyara min magana, wai ni ce ban waye ba.

Wurin aikin kuwa, ta ce kamar a mafarki. Bene ne mai dogayen tagogi, kowa da teburinsa da fitilarsa, da wani ɗan bututu mai zuƙe ƙura kafin ta kai hanci. A ƙurya akwai ƙananan tandunan gashi da tukwanen gas. A gefe kuma ofishin gilashi, a ciki shugabar: doguwar mata, furfura an yanke gajere, makullai a rataye a wuya. Madam.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai.

"Ƙanwata, mutanen nan ba su da kunya," ta ce min.

"Me suka yi?"

"Lokacin tashi na yi, fuu! Kamar an koro su. Akwai wani dogo, wallahi Madam tana tsaye a kansa ya kalli agogo ya sa hularsa ya ce sai da safe."

"Ba ta ce komai ba?"

"Murmushi ta yi. Irin murmushin nan dai. Rubuta su take yi a ranta, za ki ce na gaya miki."

Yaya kam ba za a kama ta da wannan ba. Hannunta da sauri, kullum tana riga kowa gamawa, amma sai ta ɓoye aikin a aljihun tebur, don a ganinta kai shi da wuri kamar cewa ne a sallame ni. In kowa ya watse sai ta ciro wasu haƙora da suka lalace, waɗanda ta tsinta a kwandon da ake zuba na banza. Ta raɗa musu suna Baba Tsoho. Ta kunna injin gogewa, ta duƙufa a kan Baba Tsoho kamar rayuwarta na ciki. Madam tana can cikin gilashi gaban kwamfuta. Can sai su ɗago a tare, ido ya haɗu, su yi wa juna murmushi, kowa ta sunkuya.

Wani lokacin Madam ta fito, ta yi ɗan tari, ta karkaɗa makullai.

"Kin kusa?"

Yaya a ranta ta ce, gwaji ne, ni za a gwada? A fili kuma: "Saura kaɗan, Madam. Ki ci gaba da naki, kar ki damu da ni."

Madam ta koma ta zauna. Sai fitilun titi sun kama, ta gaji ta ɗauko rigar sanyinta, sannan Yaya ta yi wuf ta jera aikinta a wurin da ake ajiye wanda aka gama, su sauko tare. A ƙofa kullum akwai wata ƙaramar mota da wani tsoho a ciki, mijin Madam, jarida a kan sitiyari. Yaya ta gaishe shi har da rusunawa, shi kuma ya bi ta da wani kallo. Ta ce min tsohon nan ba ya son baƙi, amma ba komai, ba wurinsa ta zo ba.

Haka aka yi ta yi. Kafin ta isa gida kantuna sun rufe, mu nan kuma Tsigi ta yi barci. Haƙoran yarinyar na gaba suka fita, uwar sai a hoto ta gani. Mijin ya so ya mayar da abin wasa, ya ce, "Ga ki can kina yi wa tsofaffin duniya haƙora, taki 'yar tana yawo da giɓi kamar ƙofar gareji." Yaya ta yi dariya, amma na ga idon. Tsigi kuwa ta daina karɓar waya. In an miƙa mata sai ta ce, "Ku ce mata ina aiki."

Da gwaji ya zo ƙarshe Madam ta kira ta cikin gilashin, ta zuba mata shayi da kanta. Yaya ta ce tun daga shayin nan ta san akwai magana.

"Aikinki tsaf yake," in ji Madam. "Likitoci suna yabawa. Amma zan gaya miki gaskiya, ina ganin ya fi ƙarfinki."

Madam ta ci gaba.

"Tun da kika zo ba ki taɓa gamawa a kan lokaci ba. Na rage miki aiki a ɓoye, ban ga canji ba. Ban san yadda zan ce wa kamfaninku kin iya saurinmu ba. Kuma ba zan sa ki kawo ƙaramar yarinya ki riƙa barinta har duhu ba."

To, ku da aka raine ku yadda aka raine mu kun san me bakinta ya shirya faɗa. "To Madam, na gode." Ba a musu da babba. Ta ce wallahi kalmar har ta zo kan harshenta. Sai ta ji muryar nan, ku ce mata ina aiki. Ta ajiye kofin.

"Madam, ki yi haƙuri. Ni nake riga kowa gamawa."

"Ke?"

"Ni."

"To me kike gogewa kullum?"

Yaya ta fita, ta buɗe aljihun teburinta. Aikin ranar yana ciki an gama, rana ko karkatawa ba ta yi ba. Ta kwaso shi, ta ɗora Baba Tsoho a sama, ta dire gaban Madam. Bayan watannin nan na guga, haƙoran Baba Tsoho sun koma kamar ƙwayar shinkafa, dasashin kuwa har ana hango haske ta cikinsa. Madam ta ɗaga shi ta jujjuya.

"Wannan bakin waye?"

"Ba na kowa ba ne. Shi nake riƙewa ina jiranki."

"Kina jirana in yi me?"

"Ki tashi. Yaya za a yi in tafi in bar ki kina aiki?"

Madam ta cire tabarau. Ta kalli Yaya, ta kalli Baba Tsoho. Sannan a hankali ta juyo da fuskar kwamfutarta. Karta ce. Wasan karta, jama'a! An jera su ja da baƙi.

"Ni nake riƙe da makulli," ta ce. "Dokar wurin nan, ba a barin mutum shi kaɗai da tanda da gas. In dai akwai mai aiki, ba ni da ikon tafiya. Ke nake jira, baiwar Allah!"

Yaya ta ce ba ta san wadda ta fara dariya ba. Madam ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa, makullai na kaɗawa. Ita kuma ta zame a kujera tana dariya tana hawaye. Dogon nan ya leƙo ya ga shugaba tana nuna masa haƙoran da suka zaizaye, ta kasa magana, ya ja ƙofa ya koma.

"Tsohon nan na cikin mota fa?" Yaya ta tambaya da ta samu numfashi.

"Darasin rawa muka shiga bayan ya yi ritaya. Tun zuwanki ba mu je a kan lokaci ba. Sunanki a gidanmu Yarinyar Da Ba Ta Da Gida."

Amma Madam ba ta sa hannu ranar ba. Ta ce, "Gobe ki nuna min. Ki ajiye aikinki lokacin da kika gama, in lokaci ya yi ki fita. Ina zaune."

Kuna jin abu mai sauƙi, ko? Washegari ta ajiye aiki tun da rana, kowa ya zaro ido. Lokacin tashi ya yi, ta ɗauki jaka, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Madam tana zaune daram, ta harɗe hannu. Yaya ta taka har bakin ƙofa, ta juyo.

"Madam, ko akwai abin da zan..."

Yatsa kawai Madam ta ɗaga ta nuna ƙofa.

Ta fita. Ta sauka rabin bene, ta dawo, wai ta manta lema. Yaya ba ta da lema. Dogo ya cire tasa ya danƙa mata, ya kama jakarta ya raka ta har titi, sauran suna tafi ta taga. Tsohon cikin mota ya gan ta da sauran rana, ya fito, ya cire hula ya rusuna mata.

Ta kira gida daga bakin titin. Ni na ɗauka. Na ga rana a fuskarta, na ga bishiyoyi a bayanta, na ce, "Yaya, korar ki aka yi?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Ba ni 'yata."

Tsigi ta zo tana jan ƙafa, ta leƙa wayar da ido ɗaya. "Ba kya aiki?"

"Na tashi, uwata. Ke nake nema. Buɗe bakin in gani."

Madam ta sa hannu a satin. Ranar da Tsigi da babanta suka sauka, tsohon nan ne ya tuƙa Yaya zuwa filin jirgi a ƙaramar motarsa, suka dawo akwatuna har kan cinya. Yanzu kullum ita take ɗauko 'yarta daga makaranta, su biya ta wurin lilo, su dawo suna faɗa a kan wa zai danna maɓallin lif ɗin hawa bene. Mijin Yaya kuwa ya kira ni yana kukan daɗi, wai matarsa tana dawowa da wuri har ba ya samun damar ɓoye kwanonin da bai wanke ba.

Yanzu ku nake so in ji. Ku da kuke can, da ku da kuka je kuka dawo: wane hali kuka tafi da shi kuna taƙama, ya kusa kayar da ku? Ku da kuke nan kuma, nawa ne cikinku suke karanta wannan a ofis, aiki ya ƙare tun ɗazu, kuna satar kallon ƙofar Oga? Ogannin ma ban ƙyale ku ba, na san kuna nan. Kar wanda ya danna min alamar dariya ya wuce. Ku buɗe baki ku yi magana.