Shekarar da Baƙin Ruwa Ya Ci Gonar Goggo

Sau biyu kogin Kwara ke cika mana a shekara. Na farko da damina ne, ruwa mai laka, kowa ya san daga sama ya zubo. Na biyu shi ne baƙin ruwa. Yakan zo bayan sama ta ɗauke, ba hadari ba tsawa, ya ratso ta iyakar Benin a hankali, garai-garai, har kana hango yatsun ƙafarka a ciki.

Babana ne ya koya mini son wannan ruwa. Tun ina ƙarama yakan kafa kara a bakin gaɓa da safe, da la'asar mu koma mu tarar ruwa ya hau shi. Sai ya ce, "Kin gani? An yi ruwan ga a wata ƙasa da ba mu sani ba, bisa gonakin mutanen da ba mu taɓa gaisawa ba, amma Allah ya rubuto shi da sunanmu." Wallahi in yana faɗin haka tsigar jikina tashi take yi. Ban taɓa jin kusancin Ubangiji a ko'ina kamar yadda na ji shi a bakin ruwan nan ba. Duk garinmu ba wanda ya kai Baba sanin ranar zuwansa.

Goggo ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da aka raba gadon fadama, maza suka kwashe na tudu, aka bar mata gonar can ƙasa, inda ruwa ke fara taɓawa. Ƙasa ce mai kyau, shinkafa na son ta, sai dai dole a yanke da wuri. Mijinta ya rasu, ɗiyarta ɗaya tana aure nesa. Da shinkafar nan take riƙe da ɗakinta da tukunyarta. Baba ya sha ce mata ta rufe ɗakin ta dawo gidansa, ya riƙa noma mata gonar. Ita kuwa Goggo bakinta ba ya da linzami. "Yaya, ranar da ka gan ni da kwano ina jiran tuwon gidanka, to ka tabbata an karya ni."

A shekarar da nake magana na riga na yi aure a Bagudo. Na hau babur na zo gida ganin girbi, na tarar shinkafar Goggo ta nuna, ta sunkuya, abin sha'awa. A ranar 'yan uwanmu masunta da ke can sama, ɓangaren Benin, suka bugo waya: ruwa ya wuce su, kuma bana da ƙarfinsa ya zo.

Mu a wurinmu da gayya ake yanke shinkafa, dangi su haɗu su gama gonar wannan su koma ta wancan. Kuma daga gonar babba ake farawa, a bi shekaru har a kai ga ƙarami. Haka aka tarar, haka ake yi. Baba ne babba, Goggo ce auta, kuma mace.

Ta zo har zaure ta durƙusa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Yaya, a fara da tawa bana. Taka tana tudu, ko wata guda ta yi ba abin da zai same ta."

Baba yana jan carbi. "Mi kike so a ce? An tsallake babba an fara da auta? Ruwa da Mai shi. In rabonki ne, ba shi taɓawa."

Na kasa haɗiyewa. Na ce, "Haba Baba! Kai da ka kafa kara da safen nan? Ai ka ga inda ya kai."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Auren birni ya koya miki tsoma baki, ko? Tashi ki ba ni wuri."

Washegari gayya ta hau tudu. Ni da Goggo muka ɗauki lauje muka gangara. Da muka fara, ruwa a idon sawu yake. Kafin azahar ya kai gwiwa. Sanyinsa har cikin ƙashi, yatsuna suka ƙi damƙe lauje. Duk damin da muka ɗaure muka aza a kunya, mu juyo mu ga yana yawo. Daga tudu kuwa muna jiyo waƙar maza da shewa, ana ta yi wa Baba kirari, mutum kusan duk na gari a gonar da ko raɓa ba ta yi mata barazana. Goggo ba ta ɗaga kai ba. Tana yanka tana zagi ƙasa-ƙasa, har zagin ya ƙare mata, ya rage numfashi kawai.

A rana ta biyu da la'asar ruwa ya shafe kan shinkafar. Muna tsaye a gaɓa, zannuwanmu na ɗiga, sai ga Baba, hannuwa a baya. Ya tsaya ya dubi gonar ƙanwarsa da ta zama tafki, ga balbelu sun jeru, ga sama kwance a cikin ruwa.

"Subhanallahi," in ji shi. "Ku dubi ikon Allah."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da gaske wurin ya yi kyau. Kuma da gaske yake faɗa, har idonsa ya kawo ƙwalla.

Ɗan abin da muka tsamo ya jiƙe, ya tsiro a cikin dami, ko kaji sai da suka yi masa yanga. Ranar da Baba ya fitar da zakka a masussuka, jama'a cike, ya ɗaga murya ya ce, "A fara da ƙanwata, bana ita ta fi cancanta." Mutane suka yi ta sa masa albarka. Na zaci za ta watsa masa a fuska. Sai ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa, aka zuba mata.

Kafin damina, Goggo ta rufe ɗakinta ta koma gidansa, gona ta koma hannunsa.

Har yau in baƙin ruwa ya zo nakan je bakin gaɓa, kuma har yau tsigar jikina tashi take yi. Na yi ƙoƙarin in daina, na kasa, kuma ina jin haushin wanda ya koya mini.

Da shekara ta zagayo, shinkafa ta sake nuna a gonar ƙasa, masunta suka sake bugo waya. Baba ya kafa karansa, ya duba, ya ce gobe gayya, kuma daga gonar ƙasa za a fara. Ba wanda ya ja da shi, ai gonar babba ce yanzu. A yini ɗaya aka yanke ta tas, ba a bar wa ruwa ko zangarniya ba. Goggo ce ta tuƙa wa 'yan gayya tuwo.