Gwaggo Indo da Tabon Ganye

Gwaggo Indo ƙanwar mahaifina ce. A Saji ta tashi, a gidan masu lambu, kuma tun tana yarinya kakanmu ke tura ta cikin tumatir da tattasai da sassafe ta riƙa juya ganye tana duba bayansa. Da aka kai ta Kibiya gidan Malam Alu tela, ta tarar ba lambu, sai tsakar gida mai daɓe. Ba ta daɗe ba ta fara tara tsofaffin gwangwanayen fenti da fasassun tukwane, tana huda gindinsu da ƙusa. Ta shuka na'a-na'a da ɗoɗɗoya da alobera, daga baya ta ƙara da fulawoyin ado da ake kawo mata daga Kano.

Yanzu ta doshi saba'in, kuma a unguwarsu duk matar da shukarta ta yi tabo, gidan Gwaggo take nufa. Na taɓa zuwa na tarar da wata malamar makaranta, Halimatu Sa'adiya, ta kawo fulawa mai faɗin ganye, duk ta yi fari-fari ta bushe a tsakiya. Har ta sayo maganin feshi.

Gwaggo ta shafa ganyen, ta leƙa bayansa, ta ce, "'Yata, a ina kike ajiye ta?"

"A ɗaki take, Inna. Makon jiya na fito da ita ta sha rana."

"To ƙuna ce wannan, ba cuta ba. Mayar da ita inuwa, maganin kuma ki adana abinki."

Ta ce da mu tabon da ake tsoro shi ne mai ruwan ƙasa da rawaya zagaye da shi, mai bin ganye ɗaya bayan ɗaya. Shi laima yake so, musamman in ganye ya kwana a jiƙe.

Irin wannan tabon ne ya kama nata shukokin a daminar bara, ita da ta jera su ƙarƙashin rumfa don kada ruwan sama ya dame su. Ta yanke duk ganyen da ya kamu ta ƙone a murhu, ta wanke almakashinta da sabulu, ta rarraba tukwanen don iska ta ratsa. Ta jiƙa ganyen darbejiya ta tace, tana fesa musu da safe. Sauran suka murmure, amma tukwane huɗu da ke bakin ƙofar ɗakin Malam Alu, da ta yanke sai sabon tabo ya fito.

Abin ya dame ta ƙwarai. Ta zazzage ƙasar tukunya ɗaya ta duba saiwa, ta canja wa wata gwangwani. Da na je gaishe ta, ta ce, "Ummi, ni da nake gaya wa mutane, ga nawa sun gagare ni." Har ta fara cewa mata su dakata da kawo nasu, kada su kwashi cuta a gidanta.

Kullum bayan la'asar tana zuwa islamiyyar matan aure, sai gab da magariba take dawowa. Wata Laraba malaminsu bai zo ba, ta dawo da wuri. Tana shigowa ta tarar da Malam Alu a tsugune da buta, yana yayyafa wa tukwanen nan huɗu ruwa ta sama, yana bin ganyen ɗaya-ɗaya yana shafawa da hannu.

Ta ce, "Malam, me nake gani haka?"

Ya miƙe yana kame-kame. "Gani na yi gwiwarki na damunki, na ce bari in rage miki waɗanda ke kusa da ni. Da na ga sun fara tabo kuma sai na ƙara musu, na ɗauka ƙishirwa ce."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan Babbar Sallah."

Gwaggo ta ce dariya ta kama ta har sai da ta zauna a kan turmi, shi kuwa yana tsaye da butarsa yana tambayar ko laifi ya yi. Ba ta yi masa faɗa ba. Washegari da safe ta kama yatsansa ta cusa a ƙasar tukunya, ta ce in ya ji danshi ya ƙyale, in ya ji bushewa ya zuba a gindi, kada ya taɓa ganye. Sannan ta ce tukwanen huɗu sun zama nasa.

Ɗoɗɗoyar da ke cikinsu ba ta tashi ba, cutar ta riga ta ci ƙarfinta. Sauran ukun suka yi sabon toho mai tsabta kafin kaka. Malam Alu ya ware wani tsohon almakashinsa na ɗinki don yanke ganye kawai, ya rataye a jikin rumfa. Da na koma watan jiya, shi ya tare ni tun daga zaure, ya ce in zo in ga na'a-na'arsa kafin in shiga wurin Gwaggo, wai ta fi tata kore. Gwaggo tana jin sa daga madafi, ta ɗaga murya ta ce gaskiya ne.